Garejin da ya tsayar min da yoyon giyabos ɗin silasha

Garejin ba shi da allon suna. Yana gefen hanyar da ta tashi daga Zariya ta nufi Funtuwa, bayan an wuce Samaru: rumfar kwano guda, tsohuwar kwantena da ake kulle kayan aiki a ciki, sai taraktocin da aka kwance a jere ƙarƙashin darbejiya. Mai wurin dattijo ne, Baba kowa ke ce masa. Aikinsa tarakta ne da duk abin da tarakta ke ja, garma da haro da rija da tirela da silasha mai yankan ciyawa. Ƙaramar mota kuwa ba ya taɓa ta ko ta wace ce. Ya ce min a kan taraktocin Steyr da ake haɗawa a Bauci ya fara riƙe sifana, kuma wanda ya ga yadda yake kama ƙarfe ba zai yi musu ba.

Na kai masa silashata saboda giyabos ɗinta yana zubar da mai. Kuɗin aikinsa ya ninka abin da na saba biya a bakin titi, ya kuma riƙe min kaya a daidai lokacin da nake tsananin bukatarsu. Amma can zan koma, kuma can nake tura duk mai tarakta da ya tambaye ni. Cikin waɗanda suka taɓa wannan giyabos, shi kaɗai ya tsaya ya nemi abin da ke kashe sil ɗin, wato zoben robar da ke tare mai, kafin ya sa sabo.

Kiwon shanu nake yi. Ina da filin ciyawa a yankin Giwa, yawanci gamba da kyasuwa, da wani sashe da na shuka da irin da na samo a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika. Taraktata Massey Ferguson 375 ce, irin wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Fakistan, hannu na biyu na saye ta. Silashar mai faɗin ƙafa 5 ce, mita ɗaya da rabi ke nan. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ba ta hutawa. Da ita ake yanke ciyawar da za a shanya a tara wa rani, da ita ake sare karan masara bayan girbi, da ita ake share gefen gona kafin masu farautar gafiya su fara cinna wa daji wuta. Ciyawar da aka bari ta wuce lokacinta kara take zama, saniya ba ta samun abin kirki a cikinta. Idan silasha ta tsaya a Oktoba, sai a Maris makiyayi zai ji a jikinsa, lokacin da harawa ta yi tsada shanu kuma suka fara ramewa.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikinta ba, silasha ba ta da injin kanta. Sandar fitiyo da ke fitowa daga bayan tarakta ce ke juya ta, sau 540 a minti. Giyabos ɗan ƙaramin akwatin ƙarfe ne a doron silashar, yana karɓar wannan juyi a kwance, ya karya shi ya tura ƙasa, ya kuma ƙara masa sauri. A jikin nawa an buga 1:1.47, wato wuƙaƙen na zagayawa kusan sau 800 a minti, bakin kowace wuƙa na gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Duk wannan ƙarfi ta kan haƙoran giya biyu yake bi, kuma abin da ya hana su cinye juna man giya ne da bai cika lita ɗaya ba. Zoben roba biyu ne ke tsare da man, waɗanda kanikawa ke kira oyil sil: ɗaya a inda sanda ke shiga, ɗaya a ƙasa inda take fita zuwa farantin wuƙaƙe. Na ƙasan shi ne mai shan wahala. Mai na zaune a kansa dare da rana, ciyawa da ƙasa na dukansa daga waje, kuma idan ya fara yoyo ana aiki ba a ganin ɗigo, domin faranti ne ke watsa man cikin ciyawa. Mutum zai iya yini yana yanka da busasshen giyabos, sai ƙarar ta canza ya ankara. A lokacin maganar sil ta wuce, maganar sabon giyabos ake yi.

Nawa ya fara ne da damina ta ja baya. Direbana ya lura farantin ya jiƙe da mai, ƙura ta manne ta yi baƙi. Muka kira wani bakanike na kusa, ya zo gona a kan babur, ya sa aka ɗaga silashar da haidirolik, ya kwanta a ƙarƙashinta, ya sha fama da guduma har farantin ya fita. Ya zaƙulo tsohon sil da sukudireba, ya buga sabo, ya cika mai. Aiki ya yi sauri, kuɗi kaɗan. Ba a gama yanke fili guda ba yoyo ya dawo. Da aka sake kiransa ya ce sil ɗin jabu ne, aka sayo wani, shi ma bai riƙe ba. Daga nan shawarar da na riƙa ji ta kowane ɓangare ita ce in ɗura giris a akwatin in huta.

Abin da Baba ya fara yi shi ne wanki. Ya sa yaro ya wanke giyabos ɗin da gas sama da ƙasa, aka goge ya bushe, ya yayyafa masa toka, sannan ya ce a kunna fitiyo na ɗan lokaci. Kafin a kunna sai da ya kori direbana daga bayan taraktar saboda doguwar rigarsa. Ya ce sandar da ke juyawa sau tara a kowace daƙiƙa idan ta kama bakin riga ba ta ba mutum zarafin ihu. Da aka kashe, tokar ta nuna hanyar mai fili. Sil na sama a bushe yake, na ƙasa ne ke zuba. Ya ce dole a tabbatar, domin mai yakan fito daga na sama ya gangaro ta bayan akwati ya taru a ƙasa, a je a canza wanda ba shi da laifi.

Sai ya kai hannu kan wani ɗan noti mai huda a saman akwatin, wanda ni da direbana muke ɗauka murfin zuba mai ne kawai. Yana murɗa shi muka ji iska ta fito fuu. Ta nan akwatin ke numfashi. Idan giya na aiki mai yana zafi, iskar ciki tana kumbura, dole ta sami mafita. Nawa ya toshe: ƙura da mai sun daskare a hudar, zanzaro kuma ya ƙarasa da laka lokacin da silashar ke ajiye da rani. Tukunya ce a kan wuta an danne murfinta, tururi zai nemi wurin da ya fi rauni, kuma a giyabos wannan wuri leɓen sil ne. An yi sil don ya tare mai, ba don ya riƙe matsin iska ba. Ga shi kuma an cika man har wuya. A gefen akwatin akwai wani noti da ke nuna iyakar mai, wajen rabin ciki, idan mai ya fara leƙowa ta nan a tsaya. Wanda ya wuce haka kumfa yake yi, ya ƙara zafi, ya rage wa iska wurin zama.

"Alhaji," in ji shi, "ko sil ɗin da ya zo da ita daga kamfani ka sa, da wannan hudar a toshe sai ya zuba."

Wannan bincike bai ci masa komai ba sai kallo da tunani, kuma da a nan ya tsaya ya huda notin ya buga sabon sil, da na tafi ina godiya. Bai tsaya ba. Ya juye man a tsaftataccen kwano, ya murza shi a yatsa, ya zagaya da maganaɗisun tsohuwar lasifika a ciki. Laushin garin ƙarfe ya manne, babu ɓarɓashi mai kaifi. Ya ce garin ba abin tsoro ba ne, kowace giya tana zubar da shi, ɓarɓashi ne ke nuna haƙori ya fara karyewa. Bayan an juye man ne ya sa aka kashe tarakta, aka zare makulli, aka kwance silashar, yaransa suka jingine ta a tsaye suka ɗaure da sarƙa a jikin bishiya, cikinta na kallon waje. Ba ya shiga ƙarƙashin abin da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi, kuma ba ya barin yaransa su shiga. Na ga hikimar hakan, ƙarfen ya haura kilo 200, kuma hannun yaro ɗaya a kan liba ya isa ya sauke shi.

Ya kama farantin da hannu biyu ya girgiza, gefe da gefe, sannan ciki da waje. Ni ma da ya ce in kama na ji ƙwas-ƙwas. Boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwayoyi da sanda ke juyawa a cikinsa, ya saki. Sandar da boris ɗinta ya saki ba ta juyawa a wuri guda, rawa take yi, kuma leɓen roba ba zai iya bin sanda mai rawa sau 800 a minti ba. Kowane zagaye sai ta buɗe wata 'yar kafa mai ya bi.

Wajen cire faranti ne na fi tsayawa ina kallonsa. Farantin na zaune a ƙarshen sanda mai tsaga-tsaga wadda ta ɗan tsuke zuwa baki, babban noti mai yanke-yanke a ka ya matse shi, fin ya ratsa notin don kada ya kwance. Irin wannan zama kamawa yake yi, ko babu tsatsa. Baba ya zare fin, ya sassauta notin amma bai cire shi ba, ya bar shi daidai da bakin sandar. Ya kafa fula mai ƙafa uku, wato ƙarfen fizgo faranti daga sanda, ya ɗaure tam, ya zagaya cibiyar farantin da wutar walda ta gas, yana kauce wa sandar, sannan ya ɗauki guduma ya buga kan fular sau ɗaya. Farantin ya saki da ƙara, notin ya tare shi bai faɗo wa kowa a ƙafa ba. Ya nuna min bakin sandar inda gudumar wancan bakanike ta dandatse haƙoran da noti ke bi. Dukan da aka yi wa kan sanda kai tsaye ba a nan yake tsayawa ba, boris ne ke karɓarsa, ƙwayoyinsa su bar tabo a hanyar da suke bi. Bai ce wancan ne ya kashe boris ɗin ba, ya dai nuna min tabon a jere, tazararsu daidai da tazarar ƙwayoyin.

A bayan farantin akwai dunƙulen zaren buhun taki da leda da wata siririyar waya, sun naɗe sandar sun matse har sai da aka sa wuƙa da filaya. Duk gonar da ake zuba taki a cikinta ba ta rasa zaren buhu, kuma tsohon shinge yana barin waya a cikin ciyawa. Suna naɗewa suna hawa sama har su kai ga sil su yanka leɓensa. Akwai ɗan murfin ƙarfe da ke zama ƙarƙashin sil don kare shi daga wannan. Nawa babu shi, wurinsa kawai ya rage. Baba ya auna, ya sa aka yanko wani daga falange aka huda.

Aka kwance kusoshi huɗu aka sauke giyabos ɗin a kan benci. A nan ma na ga bambanci. Tsakanin murfi da boris akwai wasu siraran washa, wasu ba su fi kaurin takarda ba, su ke daidaita yadda haƙoran giya biyu ke shiga juna. Wanda bai san amfaninsu ba zai bar su su zube cikin ƙasa. Shi kuwa duk wadda ya cire sai ya zura ta a waya bi da bi, ta kowane gefe dabam. Da ya zo mayarwa ya shafa ɗan fenti a haƙoran, ya juya da hannu, ya duba inda fentin ya goge. Sai da gogewar ta zauna a tsakiyar haƙori ya ɗaure.

Sandar kanta ta ci. A daidai inda leɓen sil ke gogawa akwai wani zagayayyen layi, ya ce in ja farce a kai, farce ya maƙale. Roba ba ta cin ƙarfe ita kaɗai, amma idan ƙura ta shiga ƙarƙashin leɓen sai su haɗu su zama samfefa. Sabon sil idan ya zauna a cikin tsohon rami ba zai rufe ba. Ya zayyana min hanyoyin da ake bi. Akwai siririyar rigar ƙarfe da ake sanya wa sanda ta rufe ramin, irin wadda kamfanin SKF ke yi da sunan Speedi-Sleeve, ita ce mafi kyau idan an samu daidai awo. Akwai masu cike wurin da walda su kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su daidaita, wannan ya ƙi shi, ya ce zafin walda na iya karkatar da sanda, kuma wurin da aka cike ba ya kai taurin asali. Sai hanya ta uku, wadda ya bi: gurbin sil ɗin yana da ɗan zurfi, saboda haka ya goge sandar da samfefa mai laushi, ya kuma zaunar da sabon sil ɗin milimita 2 ciki fiye da inda tsohon yake, leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe. Ya gaya min gaskiya cewa wannan dabara sau ɗaya ake cin moriyarta. Ranar da wannan wurin ma ya ci, sai riga ko sabuwar sanda.

Baba ba ya sayar da kaya, kai za ka sayo. Ya rubuta min lambobi a bayan kwalin sigari: 30208 guda biyu, boris ke nan mai ramin milimita 40 da faɗin 80, sai sil TC 40-62-10, wato ramin ciki 40, faɗin waje 62, kauri 10. Ya ja layi a ƙarƙashin TC. Mai wannan alama leɓe biyu gare shi, na ciki mai sifirin yana tare mai, na waje yana tare ƙura. Wanda aka yi ta sa min a baya SC ne, mai leɓe ɗaya, awonsu ɗaya amma bai dace da abin da ke aiki cikin ƙasa da ƙurar hunturu ba. Na tambaye shi ko in nemi mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake kira Viton, wanda ke jure zafi har wajen digiri 200, tunda baƙin na yau da kullum iyakarsa wajen 100. Ya ce in ajiye kuɗina, giyabos ɗin silasha mai lafiya ba ya kai wannan zafi, ƙura da waya ne abokan gabarsa. Ya kuma koya min duba sil a shago: a ɗan lanƙwasa leɓen a ga ko ya tsattsage, a tabbatar sifirin na nan a gurbinsa, domin robar da ta daɗe a rataye rana na dukanta takan bushe tun ba a sa ta ba. Boris na samu a Sabon Garin Zariya. Sil mai leɓe biyu a wannan awo kuwa daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka aiko min da shi a mota. Na sayi biyu, na ajiye ɗaya a duhu.

Sa sil ɗin bai ɗauke shi lokaci ba, amma kowane mataki da dalilinsa. Ya naɗe tsaga-tsagar sandar da salatif don kada kaifinsu ya yanki leɓen yana wucewa. Ya shafa giris tsakanin leɓɓan biyu don kada su fara juyi a bushe. Ɓangaren da sifirin yake ya kalli mai. Bai taɓa sil ɗin da guduma ba, ya ɗora guntun bututu mai faɗinsa ya riƙa bugawa a hankali, yana auna zurfin ta kowane gefe don kada ya zauna a karkace. Ya zuba man giya 85W-140 har ya leƙo ta notin gefe, ya ajiye akwatin a kan farin kwali ya ce sai gobe. Da safe kwalin tas yake.

Na ɗauka an gama, sai ya ce a kawo masa sandar fitiyo. A inda take haɗuwa da giyabos akwai wata kusa da aka yi don ta karye. Idan wuƙa ta daki kututture ko dutse, ita ke tsinkewa ta ceci giya. Ya goge kan tawa ya nuna min 8.8 a rubuce, kusa mai tauri ke nan. Direbobi kan gaji da yawan karyewar mai laushi su sa wadda ba ta karyewa, daga nan duk dukan da wuƙa ta sha sai ya wuce kai tsaye cikin akwati. Ya canza ta da mai laushi, ya ce a sayi irinta da yawa a ajiye a akwatin tarakta. Wuƙaƙen ma ya rataye su a sikeli, ɗaya ta fi ɗaya nauyi saboda an taɓa yi mata ciko da walda. Wannan bambanci shi ke sa silasha kakkarwa, kakkarwar kuma boris take ci. Ya sa na sayi sababbi biyu tare. Ya ce wuƙar silasha ba a canza ɗaya a bar ɗaya.

Maganar giris na tayar masa da ita, tunda mutane da yawa sun ba ni wannan shawara, kuma na san masu yi. Amsarsa ta gamsar da ni. Giris mai kauri da ake buga wa boris ɗin ƙafa, idan aka cika akwati da shi, giya na fara juyawa za ta watsa shi jikin bango ta haƙa wa kanta rami, ta ci gaba da gudu a bushe a tsakiya, mai ita yana murna yoyo ya tsaya. Akwai giris mai ruwa-ruwa, mai lamba 0 ko 00, wanda ke narkewa ya koma kan haƙora idan ya ji ɗumi. Wannan zai iya fitar da mutum daga kakar yanka idan sil ne kaɗai ya gaji. Amma ba ya gyara boris da ya saki, ɓoye alamar kawai yake yi har ranar da sanda za ta karye. Farantin da ke ɗauke da wuƙaƙe idan ya rabu da sandarsa ana cikin aiki, Allah kaɗai ya san inda zai tsaya.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba a wurin. Na farko jinkiri. Baba ba ya fara aikin wani sai ya gama na gabansa, kuma muhimmin aiki ba ya sakar wa yara, saboda haka layi ake bi, ko da ciyawarka na bushewa a tsaye. Ba ya zuwa gona, komai nisa sai ka kawo masa, wanda ke nufin ƙona gas da taka kwalta da tarakta. Waya ba ta dame shi ba, sau da yawa tana cikin kwantena tana ringi shi yana ƙarƙashin bishiya. Ba ya yanka kuɗin aiki tun farko, sai ya buɗe ya gani. Na fahimci dalilinsa, amma wanda ya zo da kuɗi ƙididdigagge zai shiga damuwa, kuma babu rasit ko wata takarda da ke nuna abin da aka canza. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tsohon mai. Bayan duk tsaftar da ake yi a kan benci, yara a bayan rumfa suke tuttular da shi, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ga rijiyar unguwa ba nisa. Na yi masa magana, ya ce masu shafa wa katako saboda gara kan zo su karɓa, idan ba su zo ba ne ake zubarwa. Durom ɗaya zai magance wannan. Haka kuma na ga yaro yana wasa wuƙa a injin wuta babu tabarau a idonsa. Dattijon da ya hana su shiga ƙarƙashin silasha ya kamata ya hana wannan ma.

Ta fuskar kuɗi, sil ɗin da ya jawo duk wannan bai kai kuɗin lita biyu na man giya ba. Boris da wuƙaƙe ne suka fi cin kuɗi. Idan aka haɗa kayan giyabos ɗin da ladan aikinsa, ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashin sabon giyabos da aka faɗa min ba. Silashar ta ƙarasa yankan ciyawa, ta sare kara, ta yi wa maƙwabta aikin haya, faranti a bushe. Ƙarar ta ma ta canza, kakkarwar da ke hawowa har kujerar direba ta tafi. Yanzu kowace safiya kafin a fita direbana yana buɗe notin gefe ya duba mai, ya zura waya a hudar numfashi, da yamma kuma bayan an kashe tarakta ya leƙa bayan faranti ya cire abin da ya naɗe. Baba ne ya ɗora masa wannan, kuma ya fi jin maganarsa a kan tawa.

Wanda silasharsa ta tsaya a tsakiyar aiki yana neman wanda zai zo yau ya tayar da ita, wannan gareji ba nasa ba ne. Lokacin zuwa wurin Baba shi ne Fabrairu zuwa Afrilu, kafin masu garma da haro su cika wurin da shirin damina. A je da silashar a wanke, da man giya lita ɗaya, da kuɗin boris ko da ana zaton sil ne kawai. A kuma tafi da sandar fitiyo, domin ba ya sallamar silasha sai ya ga kusar da ke jikinta.